Uzawa, Kocin Riƙon Ƙwarya

Shekara ashirin da uku na yi ina tuƙa bas ɗin 'yan ƙwallon jami'armu, a goma sha shida daga ciki kuwa mace ɗaya ce ke zama a kujerar da ke bayana, Uzawa Fumie. Allon rubutu a cinya, ƙafar hagu miƙe a hanyar wucewa saboda gwiwar ba ta son lanƙwasa, duk yaron da zai shiga sai ya tsallake ta yana ba da haƙuri. Ni sunana Nonomura. Direba ne kawai, ban taɓa buga ƙwallo ba, amma yawancin abin da ya same ta a aikin nan a gabana aka yi.

Jami'armu ƙarama ce, a gefen wani gari na lardin Yamagata. Filinmu ƙasa ce zalla, ba ciyawa, gonakin shinkafa sun kewaye shi. Shekarar da ta karɓe mu tana da talatin da huɗu. Ta taɓa buga wa ƙungiyar mata ta wani kamfani har gwiwar ta lalace, sai ta dawo gida tana koyar da motsa jiki kwana biyu a mako. Saura mako uku a fara gasa tsohon kocinmu ya sami wuri a Tokyo ya tattara ya tafi. Aka nemi wani aka rasa, don wa zai zo wa ƙungiyar da ke can ƙasan rukuni na biyu? Sai aka ce Uzawa ta riƙe, riƙon ƙwarya, kafin a samo koci.

Ranar farko dusar ƙanƙara ta rufe filin har ƙauri. Ta ce yara su fito da shebur ƙarfe shida na safe. Ba wanda ya fito. Na zo duba mota na tarar da ita ita kaɗai tana kwasa, kunya ta sa ni ma na ɗauki shebur. Rana ta biyu ma mu biyu ne. A ta uku suka fito su goma sha tara, ba don tausayinta ba, sai don matar da ke dafa musu abinci ta ce ba za ta ɗora tukunya ba sai ta ga ƙasar filin da idonta. Kafin wata ya ƙare bakwai sun bar ƙungiyar. Ɗayansu ya tsaya a gaban kowa ya ce, "Uwar da ta haife ni ma ba ta yi mini tsawa, balle wata."

Ta dube shi ta ce, "Ai ya nuna."

Da sha biyun da suka rage ta buga shekarar, ba mu faɗi zuwa rukuni na uku ba. A watan Maris aka aiko mata da takarda: an ƙara mata shekara ɗaya, riƙon ƙwarya. Maris na gaba ma haka, da na gabansa.

Duk filin da muka je baƙunta, kocin masu gida ni yake nufowa. Ya ga furfura da tumbi, sai ya rusuna ya miƙo mini katin sunansa da hannu biyu. A shekarun farko abin dariya yake ba ta. Takan ce, tana ƙara wa sunana "san" na girmamawa, "Nonomura-san, tunda kai ne koci yau, wa za mu sa a gaba?" Ni kuma in ce, "Duk wanda bai yi mini amai a mota ba." Daga baya ta daina dariyar, ta ma daina gyara musu. Sai ta tsaya a gefe da takardar sunayen 'yan wasa a hannu har mutum ya gane da kansa ya fara kame-kame. Filaye da yawa ba su da ɗakin da mace za ta canja kaya, saboda haka a cikin bas take canjawa, ni kuma in fita in tsaya a bakin ƙofa ina busa taba, ko ana ruwa ko ana sanyi.

Amma ba wannan ne ya cinye ta ba, a ganina. Abin da ya cinye ta shi ne aikin ba ya taruwa. Takan yi rani tana bin makarantun sakandare tana roƙon yara su zo mana, iyaye suna shayar da ita shayi suna tambaya yaushe kocin zai iso. Ta samo yaron da bai iya tsayar da ƙwallo ba, ta yi shekara uku tana gyara shi, ya fara zama ɗan wasa, sai a shekara ta huɗu ya sa baƙar kwat ya shiga yawon neman aiki, atisaye sai ya ga dama. Ya gama ya tafi. A watan Afrilu sababbi su zo, ta koma bayanin yadda ake ɗaure takalmi. Wata rana muna dawowa daga Akita, an ba mu huɗu ba ko ɗaya, yara duk sun yi barci, ta ce da ni, "Ka san na faɗi jimlar nan 'ɗaga kai kafin ka buga' fiye da yadda na faɗi sunana?"

Akwai kuma Kamijo. Shi ne shugaban ƙungiyar tsofaffin 'yan wasa, mai kamfanin gine-gine, shi ya saya mana bas ɗin da nake tuƙawa. A zamaninsa jami'armu ta taɓa hawa rukuni na ɗaya, shekara ɗaya tak, kuma bai bar kowa ya manta ba. Bai taɓa kiranta Koci ba. "Fumie-chan" yake ce mata, kamar mai kiran jikarsa. A liyafar ƙarshen shekara sai ya miƙa mata kofinsa ta zuba masa giya, yana gaya mata waɗanda ya kamata ta sa a wasa. Ita kuma ta zuba, ta ce "Za a duba," ba ta taɓa dubawa ba.

A shekara ta goma sha shida abin ya haɗu. Ba wani tauraro muka samu ba, yara ne dai da suka yi shekara uku tare kuma suna jin magana. Kyaftin ɗinsu Tokita, ɗan baya, dogo mai faɗin kafaɗa, ba shi da gudu amma ba ya barin kowa ya yi lalaci. Muka ƙare na biyu. Saura wasa ɗaya a Sendai ƙarshen Nuwamba, da ƙungiyar da ta zo kusa da ƙarshe a rukuni na ɗaya. Wanda ya ci shi zai buga sama baɗi.

Ranar Talatar makon wasan da yamma ana atisaye ana yayyafi mai sanyi, sai ga motar Kamijo. Ya yafito ta da hannu suka shigo bas don kada ya jiƙe. Ina zaune a kujerata ina goge gilashi. Mutane irin Kamijo ba sa ganin direba, don haka bai rage murya ba.

"Fumie-chan, kin yi ƙoƙari, kowa ya shaida. Na ce gara ki ji daga bakina. In muka hau, mu tsofaffin 'yan wasa za mu shimfiɗa ciyawar roba a filin nan. Kuma mun yi magana da Serizawa, kin san shi ai, ya buga wa manyan kulob shekara goma. Ya yarda zai zo."

"Zai zo ya yi me?"

"Haba, ke ma kin sani. Rukuni na ɗaya wani wuri ne daban. Iyaye suna son suna. Ke kuma ba za a wulaƙanta ki ba, za ki zauna ki taimaka masa, kin fi kowa sanin yaran."

Ta kalli yaran ta taga. Can ta ce, "In kuma ba mu hau ba fa?"

"Sai mu ci gaba yadda muke."

"Wato in aka ci mu ranar Lahadi ina da aiki ke nan."

Kamijo ya ƙyalƙyale da dariya ya buga cinyarsa. "Ke dai ba ki rabo da barkwanci!" Ya buɗe lemarsa ya fita.

Na juyo raina a ɓace. "Koci, wannan ai cin amana ne."

"Ba ka ji komai ba, Nonomura-san."

"Na ji mana. Kunne gare ni."

"To ka ajiye shi har Litinin. Ina roƙonka." Ta dafa kujera ta miƙe da ƙyar, ta koma cikin ruwan tana hura usur.

Ban ajiye ba. Wannan laifina ne, ba na musu. Ranar Asabar Tokita ya zo loda ƙwallaye da jarkokin ruwa, ya ce, "Baba Nonomura, me ya sami fuskarka kamar wanda aka ƙwace wa lasisi?" Sai kawai na zazzage masa komai.

Safiyar Lahadi muka tsaya a wurin hutawa na babbar hanya, yara suka watse neman banɗaki da curin shinkafa. Tana tsaye jikin bas tana ɗumama hannu da gwangwanin kofi mai zafi, Tokita ya zo ya tsaya a gabanta ya sunkuyar da kai.

"Koci, na ji maganar Serizawa."

Ta waiwayo ta dube ni. Na shiga duba taya.

"To, ka ji. Sai me?"

"Mun yi magana da 'yan ajin ƙarshe. Ba dole ne mu hau bana ba. Ba wanda zai gane, wasa ne, ana ci ana shan kashi. Mu dai tafiya za mu yi a Maris, amma ke..."

"Ɗago kanka." Ya ɗago. "Shekara huɗu ina tashi ƙarfe huɗu da rabi saboda kai, abin da ka koya ke nan? Ka yi mini sadaka da wasa?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka kake nufi. Kai da ba ka iya ƙarya ba ko a ƙafarka, duk ɗan gaban da ya zo ya san inda za ka juya, kai ne za ka yi wasan kwaikwayo minti casa'in? Saurara, Tokita. Duk wanda na ga yana jan ƙafa yau, a minti na biyar zan cire shi, ko da kai ne, in sa ɗan ajin farko. Kuma a Sendai zan bar shi ya nemi jirgin ƙasa. Je ka gaya musu."

Idonsa ya kawo ruwa. Ya rusuna ya tafi. Ni kuwa ba ta ce mini komai ba har muka isa, wannan ya fi mini zagi ciwo.

Wasan bai yi kyau ba, kada wani ya gaya maka ya yi. Iska, sanyi, ƙwallo a sama kawai. Sun fi mu gudu, sun fi mu ƙwarewa, golanmu ya ture uku da ban san yadda ya yi ba. Tana tsaye bakin layi tun daga farko, muryarta ta dishe tun kafin hutun rabin lokaci. Saura minti tara muka sami bugun kusurwa. Aka bugo, aka yi cunkus a bakin raga, ƙwallon ta daki ƙeyar Tokita yana kallon wani wajen, ta gangara ciki. Shi kansa sai da aka danne shi a ƙasa ya san ya ci. Minti taran nan da na ƙari na yi su ne a tsugune bayan benci, ban iya kallo ba.

Da aka hura tashi kowa ya ruga fili, har Kamijo da kwat ɗinsa, yana rungumar yaran da bai san sunansu ba. Ita kuwa benci ta nema ta zauna, ta kwance igiyar takalminta. Yara suka zo suka ɗauke ta suka cilla sama sau uku, tana cewa, "Ku sauke ni, 'yan banza, gwiwata!" A hanyar dawowa suna ta waƙa. Na duba madubi na ga ta jingina kai da taga, bakinta a buɗe, tana barci tun kafin mu fita daga gari.

Tokita bai haƙura ba. Cikin Disamba ya rubuta takardar koke, duk 'yan wasa suka buga hatiminsu, suka ce in aka sauke ta ba mai sa takalmi a Afrilu. Ya bi tsofaffin ɗalibanta ɗaya bayan ɗaya a waya. Ashe shekara goma sha shida ta tara mutane: malaman makaranta, ma'aikatan gunduma, masu sayar da inshora, har da wanda ya ce uwarsa ba ta yi masa tsawa. Sun fi mutanen zamanin Kamijo yawa nesa ba kusa ba. Jaridar lardi ta ɗauki labarin. Jami'a ba ta son hayaniya a lokacin da ake neman sababbin ɗalibai, sai a watan Fabrairu aka kira ta ofishin shugaban jami'a, aka ce an ba ta cikakken koci, shekara uku, Serizawa ne zai zama mataimakinta in ya yarda. An ce Kamijo ma ya rusuna mata, ko da yake wanda ya gani ya ce kamar an lanƙwasa katako.

Ta ce a ba ta mako guda. Da ya cika ta koma ta ce ta gode, ba ta so.

Na same ta a ɗakin ajiye kaya tana jera jesuna a kwali. Ban ko gaishe ta ba.

"Koci, me na ji haka? Abin da kika yi shekara sha shida kina jira!"

"Zauna, Nonomura-san, kana tsaye a kaina kamar mai karɓar haraji."

"In fushi kike da Kamijo, ai kin riga kin kayar da shi."

"Da fushi ne da na zauna. Fushi yana tayar da mutum da asuba." Ta ninke wata jesi ta danna a kwalin. "Makon nan kullum sai in ɗauki takardar in karanta, ina jira in ji daɗi. Ba abin da na ji sai lissafin Afrilu. Yara ashirin sababbi, a koya musu ɗaga kai. Tafiya Morioka, tafiya Aomori. A ci mu biyar a ce ai dama mace ce, mu ci ɗaya a ce Serizawa ne. Da a shekara ta biyar suka ba ni, da na yi kuka don murna. Ko ta goma. Yanzu kam na gaji, gajiyar da hutun mako biyu ba ya cirewa."

Na taya ta ɗaure kwalin.

'Yar jaridar da ta rubuta labarin ta zo har fili ta roƙe ta. Ta ce ta tuna da matan da ke tafe a baya, ita ce za su kalla. Uzawa ta ce, "Ki gaya musu su yi sauri su zo su karɓa, ni wuyana ya ƙage." Ba a buga wannan a jarida ba.

Na Tokita ne ya fi wuya. Ta tara yaran a bakin fili ta gaya musu da bakinta, ta rusuna ta daɗe ba ta ɗago ba. Tokita ya ce, "Wata biyu ban yi barcin kirki ba. Mutum ɗari da arba'in na kira. Ke kika ce mana ba a barin fili sai an hura usur."

"Na faɗa."

"To?"

"Ba ni da amsar da za ta gamsar da kai. Ka yi mini abin da ba wanda ya taɓa yi mini, ni kuma na kasa karɓa. Ka yi haƙuri."

Ya juya ya tafi. Ranar bikin kammala karatu ya wuce ta gabanta da furanni a hannu bai dube ta ba.

Serizawa ya zo. Gaskiya ba mugun mutum ba ne, yana gaishe ni, ya kuma san aikinsa. Shekara biyu muka yi a sama sannan muka sauko. Ciyawar roba dai an shimfiɗa. Ni ma a shekarar da muka sauko na miƙa makulli, idona ya fara ba ni matsala.

Yanzu tana aiki a wurin ninƙaya na gunduma, kwana uku a mako, tana koya wa tsofaffi tafiya cikin ruwa. Matata na cikinsu saboda ciwon ƙugu, kullum ta dawo sai ta yi mita: "Matar nan taku ba ta da tausayi, sai ta ce saura zagaye biyu alhali ta san huɗu ne." Wata Alhamis na je ɗaukar matata, na zauna a benci a waje, sai ga Uzawa ta fito da tawul a wuya. Ta yi ƙiba, fuskarta ta cika.

"Nonomura-san! Har yanzu suna barin ka ka riƙe sitiyari?"

"Matata kawai nake ɗauka, ita kuma ta riga ta saba da tsoro."

Ta zauna kusa da ni. Ta ce sai bakwai take tashi yanzu, wani lokaci har da rabi. Na tambaye ta ko tana zuwa kallon yaran, ta ce sau ɗaya ta je, ta tsaya daga nesa, ta ji bakinta yana motsi shi kaɗai, sai ta koma gida. Muka zauna muna kallon tsofaffi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya da jakunkunansu.

"Tokita ya aiko mini da kwali makon jiya," in ji ta. "Yana aiki a wata tashar jiragen ruwa can arewa. Busasshen kifi ne, cike. Ba wasiƙa, ba ko gaisuwa, sunansa kawai a bayan kwalin. Kai da ka san maza, ya huce ke nan?"

Na ce ban sani ba, don ban sani ɗin ba.

"Ni ma haka. Gishiri dai ya yi masa yawa, likita ya hana ni. Ka jira matarka ta fito, ku biyo ta gidana in ɗebar muku."